Kafin a Harba Haske a Kan Gulbin Rima, a Fara Auna Iskar Sakkwato

Duk wanda ya tsaya a bakin tudun Sakkwato da tsakar rana a watan Afrilu, ya miƙa ido zuwa hayin fadamar Rima, zai ga abin da kowa ya saba gani har ya daina lura da shi. Itatuwan da ke can nesa suna rawa ko da babu iskar da ke kaɗa su. Rufin kwano yana narkewa yana sake haɗuwa. A kan kwalta kuwa kawalwalniya ce ke shimfiɗe kamar ruwa, tana ja da baya duk sa'ad da mota ta kusance ta. Direba bai damu ba, manomin albasa bai damu ba, domin rawar ba ta taɓa hana kowa isa gida ba.

Sai dai wannan rawa tana da adadi, kuma akwai ƙasashen da suka shafe shekaru suna auna ta a kan teku da tuddai, saboda ita ce ke yanke hukuncin ko za a iya aika saƙon intanet a cikin hasken leza daga hasumiya zuwa hasumiya ba tare da an binne waya ba. Wannan fasaha ta riga ta shigo Afirka, kuma ba za a daɗe ba masu sayar da ita za su iso arewa da takardun alkawari. Kafin ranar, ya kamata Sakkwato ta mallaki nata ma'auni: rijistar shekara guda cur, ko biyu, ta yadda iskarta ke karkatar da haske da yadda ƙurarta ke cinye shi. In babu wannan, ko dai a sayi kayan da za su mutu a hunturun farko, ko kuma a yi watsi da hanyar da za ta iya yin amfani, duka biyun a kan zato.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Sakkwato

Yawancin saƙonnin da ke shiga waya suna tafiya ne a cikin wayar faiba, wato zaren gilashi mai siririn gashi wanda haske ke gudu a cikinsa. Ƙarfinsa babba ne, amma lafiyarsa tana rataye da lafiyar ƙasar da aka binne shi. Mai gyaran hanya yakan tsinke shi, ɓarawo yakan tone shi, ruwa yakan tafi da shi. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kasuwanci suka tsaya cik a Najeriya da maƙwabtanta. A cikin shekarar nan ce gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa a jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, ta kuma amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba.

Sakkwato tana da nata darasin na kusa. A watan Satumba 2010 ambaliyar Rima ta yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har mutane suka koma tsallakawa a kwalekwale. Duk wayar da aka binne a gefen hanya, makomarta ɗaya da hanyar. Haske da aka harba daga tudu zuwa tudu, sama da fadama, ba ruwansa da gadar da ta karye.

An gwada wannan dabara a wurin da ya yi kama da haka. Birazabil da Kinshasa suna kallon juna a kan Kogin Kwango, tsakaninsu bai kai kilomita 5 ba, amma wayar faiba sai ta yi zagayen kusan kilomita 400 kafin ta haɗa su. A 2021 aikin Taara, wanda ya taso daga kamfanin Alphabet mai Google, ya haɗa biranen biyu da hasken leza. Kamfanin ya ba da rahoton cewa cikin kwana 20 layin ya ɗauki kusan tarabait 700 na bayanai, kuma ya yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokacin. Alƙalumma ne masu jan hankali. Amma na iskar Kwango ne, ƙasar daji da laima, inda rairayi ba ya ƙuna kamar murhu kuma ƙurar Sahara ba ta rufe gari na kwanaki. Wanda ya ɗauko su ya liƙa wa Sakkwato ya yi wa kansa ƙarya.

Abin da ke sa haske rawa

Haske yana rage gudu kaɗan idan ya shiga iska, kuma gwargwadon kaurin iskar gwargwadon ragin. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi, saboda haka haske ya fi sauri a cikinta. Bambancin ƙarami ne ƙwarai: ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sauya saurin da kusan kashi ɗaya cikin miliyan. Da a ce iska tana zaune lafiya da zafi iri ɗaya ko'ina, da babu abin damuwa. Amma rana tana gasa ƙasa, ƙasa tana gasa iskar da ke taɓa ta, wannan ta tashi sama ta cakuɗe da mai sanyi. Sai sarari ya cika da ƙullutun iska masu bambancin zafi, wasu ba su wuce 'yan milimita ba, wasu sun kai gomman mitoci, suna juyawa suna farfashewa. Kowane ƙullutu yana aiki kamar gilashin tabarau mara ƙarfi. Hasken da ya yi tafiyar kilomita biyar ya ratsa dubbansu.

Sakamakon yana zuwa ta fuska uku. Manyan ƙullutai suna karkatar da hasken gaba ɗaya, sai ɗigonsa ya riƙa yawo a jikin na'urar karɓa, wani lokaci ya fice mata. Ƙananan suna baza shi, ɗigon ya yi faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Na uku kuma shi ne ƙiftawa: sassan hasken da suka bi hanyoyi daban-daban suna haɗuwa, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna, sai haske ya riƙa haskakawa da dushewa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ne abin da ke sa taurari ƙyalƙyali da dare, musamman na kusa da gefen sama. Ga ido abin sha'awa ne. Ga layin da ke ɗauke da ɗigon bayani biliyan 10 a daƙiƙa, dushewar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tana nufin ɓacewar ɗigo miliyan 10.

Masanin lissafi ɗan Rasha Andrey Kolmogorov ne ya tsara ƙa'idar wannan hargitsi a 1941, sannan Valerian Tatarskii ya ɗora ta a kan tafiyar haske da igiyoyin rediyo. Daga aikinsu aka samo adadi guda da ke bayyana ƙarfin hargitsin iska ga haske, wanda masana ke rubutawa Cn². Abin lura game da shi shi ne faɗin zangonsa: tsakanin iska mai natsuwa da iskar tsakar rana a kan ƙasa mai zafi, yana iya ninkuwa sau dubu ko sau dubu goma. Nisa ma ba ya yin adalci. Matuƙar hargitsin bai yi tsanani ba, ninka tsawon hanya sau biyu yana ninka ƙiftawar kusan sau uku da rabi. Saboda haka na'urar da ta yi aiki lafiya a kilomita biyu ba ta ba da tabbacin komai a kilomita shida ba.

Ana auna adadin ne da na'ura mai sassa biyu, wadda za a iya kira ma'aunin ƙiftawa. Ɗaya sashen fitila ce mai fitar da hasken da ido ba ya gani, ɗayan kuma ido ne na lantarki da ake ajiyewa a nesa, daga ɗaruruwan mitoci zuwa 'yan kilomitoci. Idon yana rubuta yadda hasken ke hawa da sauka, kwamfuta ta mayar da wannan rawa zuwa adadi, minti bayan minti, dare da rana.

Abin da aka koya a kan teku

Rundunonin ruwa na daga cikin waɗanda suka fi nacewa a kan wannan bincike, domin jirgi ba ya iya jan waya zuwa wani jirgi, kuma saƙon rediyo kowa na iya tsintarsa. Cibiyar binciken sojan ruwan Amurka ta kafa wurin gwaji a Mashigin Chesapeake da ke jihar Maryland, inda ta shafe shekaru tana harba leza a kan ruwa tsawon kilomita 16, tana haɗa sakamakon da bayanan zafi, laima da gudun iska. A Tsibiran Kanari kuwa, masu bincike na Turai sun aika ƙwayoyin haske tsakanin La Palma da Tenerife a 2007, tafiyar kilomita 144 a saman Tekun Atlantika.

Darussa biyu sun fito daga irin waɗannan ayyuka. Na farko, hargitsin da ke kan ruwa yana bin bambancin zafin ruwa da zafin iskar da ke samansa. Idan sun yi daidai, iska takan kwanta, haske ya wuce salin-alin. Idan suka yi nisa da juna, rawa ta tashi. Da yake teku ba ta saurin ɗaukar zafi ko sakinsa, bambancin dare da rana a kanta kaɗan ne, kuma hargitsinta galibi bai kai na tudu ba. Laima da ɓurɓushin gishiri su ma suna da nasu rabon. Na biyu, tsayi yana da muhimmanci. An iya cin tafiyar Kanari ne saboda tashoshin biyu suna kan duwatsu, kimanin mita 2,400 sama da teku, nesa da iskar ƙasa mai hargitsi.

Akwai darasi na uku da ya fi waɗannan daraja, kuma na hali ne. Waɗannan cibiyoyi suna da ƙa'idar Kolmogorov, suna da kwamfutoci masu ƙarfi, amma duk da haka suka fita suka auna, shekara da shekaru. Sun san ƙa'ida tana faɗin siffar abin ne kawai, girmansa kuwa sai wurin ya faɗa. In masu wannan ƙarfi ba su yarda da lissafi shi kaɗai a kan tekunsu ba, babu hujjar da za ta sa Sakkwato ta yarda da lissafinsu a kan tudunta.

Inda lissafin teku ya ƙare

Iskar Sakkwato kishiyar iskar teku ce kusan ta kowace fuska. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin inuwa yakan haura digiri 40, ƙasar da rana ke duka kai tsaye kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Busasshiyar ƙasa ba ta da ruwan da zai sha zafin ya zama tururi, saboda haka kusan dukkansa iska yake komawa. Wannan shi ne yanayin da ke haifar da hargitsi mafi tsanani. Da dare lamarin yana juyewa: ƙasa ta huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau samanta, a sami wani irin hargitsin na daban mai zuwa yana tafiya. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci, jim kaɗan bayan fitowar rana da kuma gab da faɗuwarta, da zafin ƙasa da na iska ke daidaita, sarari ya natsu. Layin haske a Sakkwato zai fuskanci wannan zagaye kowace rana ta Allah.

Tsarin ƙasar garin yana da wani alheri a nan. Da rana hargitsi yana raguwa da sauri yayin da aka ɗaga sama: bisa ƙa'idar da aka sani, tashi daga mita 2 zuwa mita 16 yana rage shi kusan sau 16. Birnin yana kan tudu ne mai kallon kwari, saboda haka hasken da ya tashi daga hasumiya a bakin tudu zai yi yawancin tafiyarsa can sama da fadama. Ita fadamar kuma ba abu ɗaya ba ce. Da damina da kaka ruwa ne da shinkafa, abin da ya fi kama da tafki. Da rani lambuna ne na albasa, tumatir da barkono, jiƙaƙƙun filaye a gefen busassu. Hasken da zai tsallaka daga gari zuwa Dundaye ta saman Kwalkwalawa zai ratsa tudu mai ƙuna, da ruwa, da ganye, kowanne da irin iskarsa, kuma rabonsu yana sauyawa da watanni. Babu littafin da aka rubuta a bakin teku da zai faɗi jimillar wannan.

Sai kuma ƙura, wadda matsala ce ta daban, kuma bai kamata a haɗa ta da hargitsi ba. Hargitsi yana karkatar da haske ne, ƙura kuwa tana tare shi tana watsar da shi. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ake lissafa shi cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya. A ranakun hazo mai kauri nisan gani yakan faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, jirage su kasa sauka a filayen arewa.

Masana yanayi suna da ma'ana takamaimiya ga nisan gani: tazarar da haske zai yi ya rage saura kashi 5 cikin 100 na ƙarfinsa. Daga nan lissafin mai sauƙi ne. Idan nisan gani kilomita ɗaya ne, bayan kilomita biyu saura kashi ɗaya cikin 400. Bayan kilomita biyar saura kusan uku cikin miliyan goma. Babu na'urar kasuwa da aka gina don jure irin wannan asara. Gaskiya ne layukan leza suna amfani da hasken da ya fi na ido tsawon zango, galibi nanomita 1,550, kuma wannan yana ratsa siririn hazo fiye da hasken da ake gani. Amma girman ribar ya dogara da girman ƙwayoyin da ke cikin iska, kuma ƙwayoyin ƙurar hunturu da yawa girmansu ya yi kusa da zangon hasken kansa. Ƙa'idojin da injiniyoyi suka saba amfani da su wajen mayar da nisan gani zuwa asarar haske an gina su ne a kan hazo da raɓar ƙasashe masu sanyi. Tambayar da mai saye ya kamata ya iya amsawa ita ce: awa nawa a shekara layin zai mutu, a tazara kaza? Amsar tana cikin iskar Sakkwato, kuma sai an auna za ta fito.

Abin da masu ja za su ce

Hujja ta farko ita ce ta fifiko. Jihar da ke fama da matsalar tsaro a gabashinta, da ƙarancin wuta da ruwan sha, me ya kai ta auna rawar haske? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba wanda zai ce ma'aunin ƙiftawa ya fi rijiyar burtsatse muhimmanci. Sai dai kuɗin bincike da ke zuwa jami'o'i ta asusun TETFund da makamantansa an riga an ware su don bincike, kuma za a kashe su ko ta yaya. Zaɓin yana tsakanin bincike mai amsa tambayar gida da wanda zai ƙare a kan kanta. Ƙari a kan haka, wannan na'ura tana amsa tambayar ruwa. Ƙarfin ƙiftawa yana nuna yawan zafin da ƙasa ke turawa sama, daga nan kuma ana lissafa yawan ruwan da fili ke asara ta hanyar tururi. An yi amfani da ita a haka a Wankama, gabas da Yamai, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA. Madatsar Goronyo, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 942, wadda birnin Sakkwato da manoman rani ke dogaro da ita, ta ja baya ƙwarai a 2018 har hankali ya tashi. Sanin rabon da rana ke sha daga tafkin da filayen ban ruwa ba abin alatu ba ne ga masu raba ruwan.

Hujja ta biyu ita ce tauraron ɗan Adam ya riga ya auna komai. Lallai akwai bayanai masu daraja. Tauraron CALIPSO ya yi ta harba leza daga sama yana auna ƙura daga 2006 zuwa 2023. Tashoshin AERONET na Ilorin da Banizumbu a Nijar suna auna ƙurar da ke tsakanin ƙasa da rana tun shekarun 1990. A 2006 Amurka ta ajiye tashar auna yanayi ta tafi-da-gidanka a Yamai har tsawon shekara. Amma duk waɗannan sama suke kallo ko ƙasa, wato a tsaye. Layin sadarwa a kwance yake tafiya, a cikin mita hamsin na farko daga ƙasa, inda zafin kwalta, hayaƙin girki, ƙurar babura da tururin fadama suke. Tauraron da ke wucewa sau ɗaya cikin kwanaki ba zai ga abin da ke faruwa tsakanin azahar da la'asar a saman Rima ba.

Hujja ta uku ita ce an riga an wuce wurin: Starlink ya fara aiki a Najeriya tun Janairu 2023, faiba kuma na tafe. Kowanne yana da gurbinsa. Intanet na tauraro yana da kuɗin wata-wata da ke bin farashin dala, kuma rabon da ke isa unguwa guda yana da iyaka. Faiba ita ce ƙashin baya, ba wanda ke musu. Layin haske gurbinsa shi ne tsallake gulbi, haɗa harabar jami'a da asibitin koyarwa, ko zama madadi ranar da waya ta tsinke. Akwai ma wata dama da yanayin Sakkwato ya bayar. Layin rediyo mai gajeren zango ruwan sama ne babban maƙiyinsa, layin haske kuwa ƙura. A Sakkwato waɗannan biyu ba sa zuwa tare: ruwa daga Yuni zuwa Satumba, ƙura da hunturu. Hasumiyar da ke ɗauke da su biyun tana iya jingina da ɗaya idan ɗayan ya gaza. Ko haɗin zai biya kuɗinsa, wannan ma alƙalumman awo ne za su nuna.

Mai yiwuwa awon ya fito da amsar da ba a so. Yana iya nuna cewa a tazarar da ake buƙata, layin haske zai riƙa mutuwa makonni a kowace shekara, kuma bai cancanci kuɗinsa ba. Wannan ma riba ce. Amsar a'a da aka samu da kuɗin na'urar awo ta fi arha nesa da wadda za a samu bayan an sanya hannu a kwangila.

Yadda aikin zai kasance

Masu iya aikin suna nan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da sashen kimiyyar fiziks, kuma a cikinta ne Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato take tun farkon shekarun 1980, da dogon tarihin aiki da hasken rana. Hukumar NiMet tana rubuta nisan gani a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa tana da cibiyar binciken iska a Anyigba, jihar Kogi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a kan tambaya ɗaya.

Hanyoyi uku sun isa. Gajeriya, kamar kilomita ɗaya, a kan busasshiyar ƙasa cikin harabar jami'a, don a ga hargitsi a mafi tsananinsa. Ta biyu a saman fadamar Rima, inda ake tunanin layin gaske zai bi. Ta uku a kan ruwan Goronyo, wadda ita ce mafi kusa da gwaje-gwajen teku, kuma ita za ta ba da damar kwatanta sakamakon Sakkwato da na duniya. A kowace hanya a ajiye ma'aunin zafi a tsayi biyu, da na gudun iska, da na laima, da na nisan gani. A gefen ma'aunin ƙiftawa a ƙara ƙaramar leza mai zangon nanomita 1,550 don auna asarar da ƙura ke jawowa. Tun da fari a nemi amincewar hukumomin jiragen sama, a kuma kauce wa hanyar sauka da tashi.

Abubuwan da ke kashe irin wannan aiki a ƙasar nan ba na kimiyya ba ne. Wuta ce ke yankewa, sai a sami giɓin mako biyu a tsakiyar hunturu, daidai lokacin da aka fi buƙatar bayanin. Ƙura ce ke taruwa a gilashin na'ura, sai a ɗauka iska ce ta cinye hasken. Hasumiyar ƙarfe ce ke miƙewa da zafin rana, ta kautar da saiti. Saboda haka kasafin aikin dole ya ƙunshi farantan sola da batura, da albashin wanda zai goge gilashi kowace safiya ya rubuta lokacin da ya goge, da maigadi, da ginshiƙin siminti maimakon siririn ƙarfe. Kuma a yi shekara cikakkiya aƙalla. Awon mako uku da ɗalibi zai yi don kammala digiri yana ba da hoton wata guda ne, ba na shekara ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: a saki bayanan ga kowa, ɗanyensu, a intanet, da kwanan wata da sa'a. Iskar Sakkwato 'yar'uwar iskar Birnin Kebbi ce, da Katsina, da Maradi, da Birnin Ƙonni. Rijista ɗaya mai inganci za ta yi wa yankin duka aiki, kuma za ta sa duk kamfanin da ya zo da takardar alkawari ya tarar da mutanen da ke riƙe da alƙalumman da suka fi nasa dacewa da wurin.

A 1824, lokacin da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, sai ya tarar Bello ya san buruji da taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Baƙon ya zo da kayan aiki, amma ya iske mai gida ya riga ya san samansa. Masu na'urar leza su ma suna tafe, kuma abin da za su tambaya shi ne awa nawa a shekara haske ke iya tsallaka Rima. Ya dace a ce amsar tana rubuce a Dundaye kafin su sauka daga jirgi.